Yadda Ake Tambayar Ko Ana Rana A Harshen Fotugis

Bahaushe kan yi amfani da kalma guda, wato "rana", wajen faɗin abubuwa uku. Rana ce ke fitowa daga gabas ta faɗi yamma, rana ce ake ƙirgawa guda bakwai a mako, rana ce kuma ke dukan matafiyi idan azahar ta kawo jiki. Mai jin Hausa ba ya ruɗewa, domin zancen da kansa yake nuna masa wadda ake nufi. Amma duk wanda ya sauka a Lisbon, ko Luanda, ko São Paulo, ya so ya tambayi ko za a yi rana gobe, zai tarar masu harshen Fotugis sun raba waɗannan ma'anoni uku, sun ba kowace tata kalma. Zai kuma tarar sun haɗe wasu abubuwa biyu da Hausa ta raba, domin lokaci da yanayin gari duk "tempo" suke ce musu.

Wannan bayani zai duba yadda ake yin wannan tambaya a bakin mutanen gari, da yadda ake amsa ta, da wuraren da Bahaushe zai iya yin tuntuɓe, da kuma inda Hausarsa za ta taimake shi fiye da yadda Turanci zai yi.

Harshen da ke maƙwabtaka da mu

Fiye da mutum miliyan 250 ne ke magana da Fotugis a duniya, mafi yawansu a Barazil, ƙasar da ƙidayar 2022 ta nuna tana da mutum miliyan 203. Harshen hukuma ne a ƙasashe tara da ke cikin ƙungiyar CPLP, wadda aka kafa a Lisbon a 1996. Shida daga cikinsu a Afirka suke: Angola, Mozambik, Gini Bisau, Cabo Verde, Sao Tome da Principe, da Ikwatoriyal Gini. Gini Bisau da Cabo Verde suna cikin ECOWAS tare da Najeriya, shi ya sa Fotugis yake ɗaya daga cikin harsunan aiki uku na ƙungiyar, tare da Ingilishi da Faransanci.

Hausawa sun daɗe da haɗuwa da wannan harshe. A farkon ƙarni na 19 an kai da yawa daga cikinsu jihar Bahia ta Barazil a matsayin bayi, har yau ma akwai wani abincin shinkafa da nama a can da ake kira "arroz de hauçá", wato shinkafar Hausa. A zamanin yau kuwa fatauci da karatu da aikin jakadanci da ƙwallon ƙafa ne ke kai 'yan Najeriya waɗannan ƙasashe. Duk wanda ya je, zancen yanayi na cikin hirar farko da zai yi da direban tasi ko maƙwabci, kuma amsar da ya samu ce za ta sa ya ɗauki laima ko ya bar ta, ya tsayar da ranar tafiya ko ya ɗage ta.

Kalmomi huɗu da za a fara riƙewa

Ta farko ita ce "sol", wato ranar da ke sama da hasken da take zubawa a ƙasa. A nahawunsu kalmar namiji ce, ana cewa "o sol", yayin da wata, "a lua", yake mace. Wannan akasin tsarin Hausa ne, inda rana take mace, wata yake namiji.

Ta biyu ita ce "dia", wato yini. Mai son ya ce "yau wace rana ce?" zai ce "Que dia é hoje?" Tsakar rana, ƙarfe 12, ita ce "meio-dia". Yinin da gari ya washe kuwa shi ne "um dia de sol". Gaisuwar "barka da rana" ba ta da alaƙa da "sol": da safe "bom dia" ake cewa, bayan tsakar rana a koma "boa tarde", da dare kuma "boa noite".

Ta uku ita ce "calor", wato zafi. A nan ne ake yawan samun saɓani. Idan Bahaushe ya ce "yau an yi rana", galibi zafin da aka sha yake nufi. Mai Fotugis kuwa idan ya ce akwai "sol", haske kawai ya tabbatar. A Lisbon cikin watan Janairu ana iya jin mutum ya ce "Está sol, mas está frio", ma'ana ana rana amma ana sanyi, kamar dai safiyar hunturu a Jos ko Zariya. A biranen Barazil masu laima a iska kuma gajimare kan rufe rana ruf amma mutane na ta zufa. Wannan yanayi suna kiransa "mormaço". Saboda haka wanda ke son sanin irin tufafin da zai sa, tambaya biyu zai yi, ta haske da ta zafi.

Ta huɗu ita ce "tempo". "Não tenho tempo" na nufin ba ni da lokaci, "Quanto tempo?" na nufin tsawon wane lokaci, amma "Como está o tempo?" tambayar yanayin gari ce. Wanda ke son sanin ƙarfe nawa ne ba zai ambaci "tempo" ba sam, "Que horas são?" zai ce. Baƙon da ya nuna wuyan hannunsa ya tambayi "tempo" yana iya samun labarin hadari a maimakon na agogo.

Tambayar kanta

Tambayar da ake fahimta a ko'ina ita ce "Como está o tempo?", wato yaya gari, yaya yanayi. Ana ƙara mata "hoje", ma'ana yau, ko sunan wuri: "Como está o tempo em Maputo?" Idan a waya ake magana, kalmar "aí" ce ke nuna inda wanda ake yi wa magana yake, "aqui" kuma inda mai magana yake. "Como está o tempo aí?" daidai take da "yaya gari a nan wajenku?"

Idan kuwa rana ce kai tsaye ake tambaya, akwai hanyoyi uku, kowace da aikatau nata.

Ta farko da "estar", wanda ke nuna halin da abu yake ciki a yanzu: "Está sol?" Wannan ita ce ta yau da kullum a Fotugal, ana kuma jin ta a Angola da Mozambik. A Barazil ana taƙaita ta zuwa "Tá sol?", taƙaitawar da ake ji a bakin 'yan Fotugal ma idan hira ta yi daɗi.

Ta biyu da "fazer", wanda ke nufin yi: "Faz sol?" A Barazil an fi cewa "Está fazendo sol?" ko "Tá fazendo sol?" idan ana nufin yanzu-yanzu. A Fotugal da ƙasashen Afirka ginin ya ɗan bambanta, "Está a fazer sol?" ake cewa. Wannan bambanci na "fazendo" da "a fazer" na daga cikin abin da ke saurin nuna wane ɓangaren teku mutum ya koyi harshen.

Ta uku da aikatau na samuwa. A Barazil "Tem sol aí?", a Fotugal "Há sol?", duka ma'anarsu akwai rana.

Akwai kuma siffar "ensolarado", wadda ɗalibai ke haɗuwa da ita a littafi da manhajar waya. "Está ensolarado" ba kuskure ba ne, sai dai ya fi kama da harshen masu hasashen yanayi. A Fotugal akwai "soalheiro", da ake siffanta yini ko ɗaki ko barandar da rana ke samu. A hirar titi gajeruwar "Está sol?" ta wadatar.

Inda Hausa ke taimakawa

Wanda ya shiga Fotugis ta ƙofar Turanci kan nemi wani wakilin suna ya ɗora a farkon jimlar yanayi, domin haka Turanci ya saba masa. Fotugis ba ya karɓar haka. "Ele está sol" kuskure ne, tamkar mutum ya ce "shi yana rana". Jimlar yanayi a Fotugis ba ta ambatar mai yi, kuma haka Hausa take: "ana rana", "an yi ruwa", "za a yi sanyi".

Kamannin ya wuce nan. Hausa na cewa an "yi" rana, Fotugis ma da "fazer", wato yi, yake faɗa. "Fez sol ontem" kalma da kalma ita ce "an yi rana jiya". "Tem sol" ita ce "akwai rana". Har ma a lokaci mai zuwa harsunan biyu sun bi hanya guda. Kalmar "za" da Bahaushe ke sawa a "za a yi rana" ita ce dai ta tafiya da ke cikin "za ni kasuwa". Haka "vai" ta Fotugis, daga aikatau "ir" ta fito, mai nufin tafiya. "Vai fazer sol amanhã" da "za a yi rana gobe" gininsu ɗaya ne, tubali bisa tubali. Bahaushen da ya fara tunanin jimlar da Hausa kafin ya furta ta zai fi dacewa da daidai.

Wajen mayar da jimla tambaya ma babu wahala. Ba a sauya jerin kalmomi, ba a ƙara komai, murya kawai ake ɗagawa a ƙarshe, kamar yadda "ana rana" ke komawa "ana rana?" Mai son ya sassauta tambayar, irin yadda muke sa "ko" ko "anya", sai ya fara da "será que": "Será que vai fazer sol?", wato anya za a yi rana kuwa? Mai neman a gaskata shi kuma ya ƙare da "né?", taƙaitaccen "não é?", daidai da "ko ba haka ba?"

Yadda ake amsawa

Littattafan koyo kan ce "sim" ita ce i, "não" ita ce a'a. Haka ne, amma a zance ba kasafai ake amsawa da "sim" ita kaɗai ba. Aikatau ɗin da aka yi tambaya da shi ake maimaitawa. Idan an ce "Está sol?" amsar ita ce "Está", ko "Está, sim". Idan an ce "Vai fazer sol?" sai a ce "Vai". Idan an ce "Fez sol ontem?" sai a ce "Fez". Bahaushe ya san wannan salo, domin idan aka tambaye shi "an yi ruwa?" yakan ce "an yi".

Wajen korewa ana sa "não" kafin aikatau: "Não está", "Não vai". A arewa maso gabashin Barazil ana yawan mayar da ita ƙarshe, a ce "Tá não". Bayan haka akan faɗi abin da ake ciki: "está nublado", gari ya yi gajimare, "está chovendo" a Barazil ko "está a chover" a Fotugal, ana ruwa, "está vento" ko "está ventando", ana iska. Mai shakka zai ce "Acho que sim", ina jin haka ne, ko "Acho que não", ba na jin haka.

Idan hadari ya watse sukan ce "o tempo abriu", gari ya buɗe, ko "o sol saiu", rana ta fito. Idan ya haɗu kuma "o tempo fechou", gari ya rufe. A Barazil wannan ta biyun tana da wata ma'ana ta daban, wato rigima ta kaure. Wanda ya ji an ce "o tempo fechou" a kasuwa alhali sama fes take, ya san ba zancen ruwa ake yi ba.

Halin yau da halin kullum

Fotugis na da aikatau biyu da ke bayyana kasancewa. "Estar" na halin da zai wuce ne, "ser" na ɗabi'ar da ta zauna. "Luanda está quente" na nufin yau ana zafi a Luanda. "Luanda é quente" na nufin Luanda gari ne mai zafi. Hausa ma ta bambanta "ana zafi a Sakkwato" da "Sakkwato gari ne mai zafi". Ɗalibin da ke shirin tafiya karatu na shekara huɗu, tambayar da ta dace da shi ita ce "Como é o clima?", wato yaya ɗabi'ar yanayin ƙasar take. Mai fita kasuwa yau kuwa "Como está o tempo?" zai ce. A hira 'yan Barazil kan yi amfani da "clima" a madadin "tempo", amma masana yanayi suna kiyaye bambancin.

Akwai wani tarko a zancen jiki. Mai jin zafi a Barazil zai ce "Estou com calor", ina tare da zafi, a Fotugal kuma ana cewa "Tenho calor", ina da zafi. Idan ya ce "Estou quente", abin da za a fahimta shi ne jikinsa ya yi zafi, wataƙila zazzaɓi ne, har a fara yi masa sannu.

Lafazi

Harafin "o" da ke ƙarshen kalma ba tare da nauyi ba ana furta shi kamar "u", don haka "tempo" kan fito "tempu", "como" kuma "komu". "Está" a Lisbon kusan "shta" ce, a São Paulo "ista". Harafin "l" na ƙarshe a Barazil yana komawa kamar "u", sai "sol" ta zama "sou", a Fotugal kuwa ana jin "l" ɗin. A kula da wasalin tsakiya, domin "sal" gishiri ne, "sul" kudu ne, "sol" ce kaɗai rana.

Haɗin "ch" daidai yake da "sh" ta Hausa, don haka ruwan sama, "chuva", da "shu" yake farawa. Haɗin "nh" kuma kamar "ny" ne a kalmar "hanya", sai "amanhã" ta fito kusan "amanyan", da ƙarshe ta hanci. Harafin "h" a farkon kalma ba a furta shi: "hoje" da "o" take farawa. A yawancin Barazil "di" kan koma "ji", shi ya sa "bom dia" ke faɗowa a kunnen Bahaushe kamar "bon jiya". Yau ake nufi, jiya kuwa "ontem" ce.

Ladabin tambaya

Kamar a ƙasar Hausa, ba a faɗa wa baƙo da tambaya ba tare da gaisuwa ba. Ana farawa da "bom dia" ko "boa tarde", a biyo da "desculpe" ko "com licença", wato gafara dai. Babba ana kiransa "o senhor", mace "a senhora". Kalmar "você", wadda take ta kowa da kowa a yawancin Barazil, wasu a Fotugal ba sa jin daɗin a kira su da ita, don haka gara a kauce mata a can. Ɗalibi na iya ce wa dattijuwar da ke maƙwabtaka da shi a Lisbon:

"Bom dia. Desculpe, a senhora sabe se vai estar sol amanhã?" Ma'ana, barka da safiya, gafara dai, ko Baba ta san za a yi rana gobe?

Ita kuma ta ce, "Acho que sim, mas vai estar vento." Ina jin haka ne, amma za a yi iska.

Sai ya ce "obrigado". Da mace ce mai godiyar, "obrigada" za ta ce.

Zancen gobe a waɗannan ƙasashe sau da yawa da "se Deus quiser" ake rufe shi, wato in Allah ya so. Akwai kuma "oxalá", da ake furtawa "oshala", wadda ta samo asali daga Larabcin da Musulmi suka bari a yankin bayan ƙarnonin da suka yi suna mulki tun daga 711. "Oxalá faça sol" na nufin Allah ya sa a yi rana. A Barazil an fi cewa "tomara que faça sol", kuma a can "Oxalá" suna ne na wani abin bauta a addinin gargajiya mai tushen Yarbawa, kalma ce daban da ta Larabcin.

Wane ne ke murna da rana?

Sanin kalmomi bai isa ba sai an san yadda mutanen wuri suke kallon rana. A Lisbon da Rio de Janeiro, "bom tempo", kyakkyawan yanayi, shi ne rana da sama mai tsabta, "mau tempo" kuwa ruwa ne da iska. Mutumin Rio kan tambaya "Vai dar praia?", ma'ana ko gari zai yi kyaun zuwa bakin teku. Suna cewa "tomar sol" ko "pegar sol" a Barazil, "apanhar sol" a Fotugal, wato zama a rana da gangan don jin daɗi. Wannan ya fi kusa da shan hantsi lokacin sanyi. Shan rana a Hausa wahala ce, kuma mu ruwa muke yi wa barka, a ce "yaya ruwa?" a amsa "ya yi gyara".

Sai dai akwai masu Fotugis da tunaninsu irin namu ne. A yankin "sertão", busasshen tsakiyar arewa maso gabashin Barazil, inda farin 1877 zuwa 1879 ya hallaka ɗaruruwan dubban mutane, manomin jihar Ceará idan ya ga hadari ya haɗu sai ya ce "tá bonito pra chover", gari ya yi kyau, za a yi ruwa. A garin Quixadá duk watan Janairu akan yi taron masu duba alamun damina a jikin itatuwa da tururuwa da taurari, kuma manoma da yawa na ɗaukar ruwan 19 ga Maris a matsayin bushara. A Cabo Verde ma, inda fari ya jawo yunwa mai tsanani a shekarun 1940, saukar ruwa tsakanin Agusta da Oktoba abin murna ne. Baƙon da ya yaba wa manomin waɗannan wurare "kyaun" rana a shekarar fari, ya yi magana daidai a nahawu amma ya taɓa inda ke ciwo.

Sunayen lokutan shekara ma na buƙatar lura. "Verão" lokacin zafi ne, "inverno" lokacin sanyi. A Fotugal zafi na kamawa daga Yuni zuwa Satumba. A São Paulo da Maputo abin a juye yake: Disamba zuwa Maris ne zafi, Yuni da Yuli sanyi, don haka mai tafiya can a tsakiyar shekara sai ya tanadi rigar sanyi. A Ceará da yankin Amazon kuwa "inverno" damina ake nufi, ko da ana zufa. Angola na da "cacimbo", daga tsakiyar Mayu zuwa tsakiyar Agusta, lokacin da ba a ruwa, gari ya yi sanyi-sanyi, saman Luanda ya yini a lulluɓe. A lokacin amsar "Está sol?" da safe sau da yawa "não" ce, amma ba a buƙatar laima. A Sao Tome rani "gravana" ake ce masa. Hazon da muka sani da hunturu kuma yana kaiwa har Cabo Verde, inda ake kiransa "bruma seca", busasshen hazo, kuma yakan hana jiragen sama tashi tsakanin tsibiran.

Karanta hasashen yanayi

Hasashen yanayi shi ne "previsão do tempo". Aikin da NiMet ke yi a Najeriya, IPMA ce ke yinsa a Fotugal, INMET a Barazil, INAMET a Angola, INAM a Mozambik. A sanarwar Fotugal "céu limpo" ne ke nuna za a yi rana, wato sama a share, "pouco nublado" kuma gajimare kaɗan. Ruwan da ke zubowa ya ɗauke "aguaceiros" ne a Fotugal, "pancadas de chuva" a Barazil. Ana auna zafi da "graus" a ma'aunin Selshiyos, "máxima" da "mínima" su ne mafi tsanani da mafi sauƙi a yinin.

Gargaɗi da launi ake bayar da shi: "amarelo" rawaya, "laranja" ruwan lemo, "vermelho" ja, wanda shi ne mafi haɗari. Ya kamata a san "onda de calor", wato kwanakin matsanancin zafi, da "sensação térmica", zafin da jiki ke ji idan an haɗa da laimar iska, da "risco de incêndio", haɗarin gobarar daji. Waɗannan ba kalmomin ado ba ne. A Nuwamban 2023 ma'auni ya kai digiri 44.8 a garin Araçuaí na Barazil, kuma gobarar dajin Pedrógão Grande a Fotugal cikin Yunin 2017 ta ci rayuka fiye da 60. Wanda ya taso a zafin Maiduguri ma kada ya raina jan gargaɗi.

Ga mai azumi da mai kiyaye lokutan salla akwai tambaya guda mai muhimmanci: "A que horas é o pôr do sol?", ƙarfe nawa rana ke faɗuwa? A Lisbon a ƙarshen Yuni sai bayan ƙarfe 9 na dare take faɗuwa, a Disamba kuwa jim kaɗan bayan ƙarfe 5 na yamma. Ana rubuta lokaci da tsarin sa'o'i 24, don haka 21h ita ce 9 na dare. Fitowar rana "nascer do sol" ce, wato haihuwar rana, kuma kada a ɗauke ta a matsayin ketowar alfijir, wanda ke riga ta.

Rana a cikin azancin magana

Rana mai tsanani a Barazil "sol de rachar" ce, mai tsaga abu. "Sol a pino" ita ce rana tsaka. Wanda ya yini yana aiki tun fitowar rana har faɗuwarta an ce ya yi "de sol a sol". "Faça chuva ou faça sol" na nufin ko ana ruwa ko ana rana, alkawarin da babu fashi. A Fotugal abin daɗin da bai daɗe ba "sol de pouca dura" ne, rana mai gajeren kwana. Mai ƙoƙarin ɓoye abin da kowa ya gani kuma sai su ce yana "tapar o sol com a peneira", yana rufe rana da rariya. Bahaushe ya ce in rana ta fito, tafin hannu ba ya rufe ta.

Ga wanda zai yi tafiya, jimloli huɗu sun isa guzurin farko: "Como está o tempo?", "Está sol?", "Vai fazer sol amanhã?" da "Está calor?" Ya saurari aikatau ɗin da za a maimaita masa a amsa, ya tuna cewa haske daban zafi daban, sannan kafin ya yaba rana ko ya yi kuka da ita, ya fara duba ko a bakin teku yake tsaye ko a bakin gona.